Jan zoɓo: abin da ke cikinsa da abin da ke kashe shi

Kaka ta yi, zoɓo ya cika kasuwa, kuma da yawa cikinmu za mu ɗauki rance a asusu mu sayi tiya-tiya mu ajiye har lokacin zafi ko azumi, sa'ad da bisab ke tafiya. Matsalar ita ce buhun da aka saya jajir yana iya fitowa ƙasa-ƙasa bayan ƴan watanni. Mai saye kuwa da ido take fara ciniki, ga ranar biyan rance ba ta jira.

Mukan ce furen yakuwa, amma furen ya riga ya faɗi. Abin da muke tsinka shi ne ɓawon da ke rungume da kwanson iri. Jan da ke cikinsa wani sinadari ne da masana ke kira antosiyanin, daga dangin filabonoyid, waɗanda tsirrai ke yi don launi da kare kansu daga rana. Sinadarin nan bai da juriya. Haske na cinye shi, laima na ɓata shi, dogon tafasa na karya shi. Shi ya sa shanya a inuwa mai iska, kan tabarma mai tsabta, ta fi shanya a tsakar rana. In ya bushe ƙayau, a ɗaure bakin buhu, a ɗora kan katako a ɗaki mai duhu, nesa da bango.

Sai zancen kanwa. Wasunmu na jefa ta don rage tsami, sukari ya yi auki. To, tsamin nan shi ke riƙe jan. Ku gwada a taro na gaba: kofi biyu na zoɓo, ɗaya a ɗiga ruwan kanwa, ɗaya a matsa lemun tsami. Nan take na kanwa zai yi duhu, na lemu ya ƙara haske. A ganinmu ribar sukarin ba ta kai asarar launin ba.

Maganar tansiyo fa? Akwai gaskiya a ciki. A 2010 masu bincike na jami'ar Tufts a Amurka suka fitar da sakamakon gwaji kan mutum 65: waɗanda suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Taimako ne, amma bai kai a ce wa mai saye ta bar maganin likita ba, balle bisab ɗinmu da ke shan sukari. Mai juna biyu ta fara tambaya a wurin awo kafin ta maida shi abin sha na kullum.

Wajen dafawa, a tafasa ruwan a sauke, sannan a zuba zoɓon da aka ɗauraye, a rufe ya jiƙa. Robar da aka cika kuma a sa ta cikin kula, kada a jera ta a rana don tallar launi.