Wa ke kula da unguwa? Darasi daga gidajen gaɓar tafkin Kainji

Sama da shekara 50 ke nan da kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Neja, wanda mutanen yankin ke kira Kwara, aikin da ya raba kimanin mutum 44,000 da gidajensu.

Da dama daga cikinsu mutanen masarautar Yauri ne, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a jihar Kebbi.

Gwamnati ta gina musu sababbin gidaje a kan tudu. To sai dai mallakar gida daban, kula da unguwa daban. Bayan kowa ya shiga nasa, wa ke da alhakin rijiya da hanya da magudanar ruwa da juji da maƙabarta, waɗanda kowa ke amfani da su amma babu mai su shi kaɗai?

Wannan tambaya ce ke sa magidanta kafa ƙungiyoyin unguwa, a Yelwa da sauran garuruwan Nijeriya, har ma da ƙasashe irin su Amurka.

Gidajen da aka gada

An fara ginin madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Da ruwa ya taru, sai ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135, ya shanye tsohon garin Bussa da gungu-gungu masu yawa da Gungawa ke zaune a kansu suna noma da kamun kifi.

Da farko an yi niyyar biyan mutane diyyar kuɗi domin kowa ya gina nasa. Daga baya aka sauya shawara, gwamnati ta ɗauki nauyin ginin da kanta. An tattara ƙauyuka sama da 200 aka mayar da su sababbin matsugunai fiye da 100, bisa zanen wani masanin gine-gine mai suna Robin Atkinson.

An yi gidajen da bulo na siminti, aka rufe su da kwanon asbesto mai lanƙwasa, an kuma yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya.

A nan ne wata matsala ta ɓullo. Gidan ƙasa mai jinka, magidanci da 'ya'yansa da maƙwabta ke gyara shi kowace shekara kafin damina: a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a yanko ciyawa a sabunta rufi. Amma bangon siminti idan ya tsage, sai an nemi birkila da kuɗi, kwanon asbesto kuwa idan ya fashe ba a ɗinke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta tabbatar cewa shaƙar ƙurar asbesto na haddasa cutar daji, saboda haka ko cire tsohon kwanon na buƙatar taka-tsantsan.

Ita kuma hukumar da ta yi aikin, wato Hukumar Madatsun Ruwa na Kogin Neja, ba ta daɗe ba. A 1972 aka haɗe ta da hukumar lantarki ta lokacin aka kafa NEPA. A 2005 NEPA ta koma PHCN, sannan a 2013 aka miƙa gudanar da tashar lantarkin Kainji ga kamfanin Mainstream Energy Solutions.

Tashar ta yi ta sauya hannu, gidajen kuwa suna nan inda aka gina su, nauyin kula da su na kan waɗanda ke ciki.

Me doka ta ce?

A bisa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha amana ce a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar izinin mallaka a yankunan da aka ayyana a matsayin birane, yayin da ƙaramar hukuma ke ba da izini na gargajiya a karkara.

Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi ayyuka da dama da suka shafi unguwa kai-tsaye. Daga ciki akwai kwashe shara, da gina magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi da kula da su, da kula da maƙabartu da kasuwanni, da raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba.

An daɗe ana kukan cewa kuɗin ƙananan hukumomi na maƙalewa a hannun gwamnatocin jihohi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan su kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya.

Akwai kuma hukumar HYPPADEC, wadda aka yi dokar kafa ta a 2010 domin raya yankunan da ke samar da lantarki ta hanyar ruwa, ciki har da jihar Kebbi. Hukumar, mai hedikwata a Minna, ta shafe kusan shekara 10 kafin ta fara aiki.

Abin lura shi ne duk waɗannan hukumomi sun fi jin kiran jama'a idan a dunƙule suka zo. Takardar koke ɗaya mai ɗauke da sa hannun magidanta 200 da hatimin mai unguwa ta fi ƙarfin mutum 200 da kowa ya je shi kaɗai.

Gayya da adashi

Haɗa kai domin kula da unguwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai mai unguwa, a samansa dagaci da hakimi har zuwa ga sarki, kuma da aikin gayya ake share hanya da yashe rijiya da gyara masallaci. Hannu ɗaya, in ji Hausawa, ba ya ɗaukar jinka.

Malaman fiƙihu ma sun yi dogon bayani a kan haƙƙin maƙwabtaka, bisa ƙa'idar hana cutarwa. A ƙarni na 14 wani magini a birnin Tunis mai suna Ibn al-Rami ya tattara hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya a kan gini, kamar buɗe taga mai leƙa gidan maƙwabci, da sakin ruwan kwata a kan hanya, da yadda ake raba kuɗin gyaran bango ko magudanar da aka yi tarayya a kai.

Abin da ya sauya shi ne irin kayan da unguwa ke dogaro da su a yau. Gayya na iya yashe kwata a yini ɗaya, amma ba ta iya sayen injin rijiyar burtsatse ko farantin sola ko kwalbati. Waɗannan sai da kuɗi, kuma duk inda aka tara kuɗin jama'a, dole a sami wanda zai riƙe da wanda zai bincika.

Saboda haka ƙungiyar unguwa ba ta maye gurbin mai unguwa. Shi ne uban unguwa da ake kai wa ƙara yana sulhu, ita kuma tana riƙe da littafin kuɗi da jerin ayyuka. Inda ɓangarorin biyu suka shiga takun-saƙa, unguwar ce ke shan wahala.

Yadda ake tafiyar da ita

Matakin farko shi ne sanin su wane ne 'yan ƙungiya da kuma iyakar unguwar. Ana rubuta kowane gida, a bambance mai gida da ɗan haya. Tsarin da ya fi adalci shi ne ɗan haya ya biya abin da yake amfani da shi yau da kullum, kamar ruwa da shara da gadi, mai gida kuma ya ɗauki nauyin abin da zai daɗe yana ƙara wa gidansa daraja, kamar kwalbati da hanya.

Na biyu shi ne rubutacciyar ƙa'ida: nawa ne kuɗin wata-wata, wa aka yafe wa, shekara nawa shugabanni za su yi, kuma mutum nawa za su halarci taro kafin a yanke shawara. A gari irin Yelwa, inda da yawa ke samun kuɗi ne lokacin girbin shinkafa da albasa ko kakar kifi, ba lallai ne biyan wata-wata ya dace da kowa ba. Ana iya ba manomi damar biyan na shekara gaba ɗaya bayan girbi.

Na uku shi ne kuɗi. Wanda ke karɓa daban, wanda ke ajiya daban, a ba kowa rasit, kuma kada a cire ko kwabo daga asusu sai da sa hannun mutum biyu ko uku. A karanta lissafi a bainar jama'a, a manna kwafinsa inda kowa zai gani. Zargin cin kuɗi, ko da ba gaskiya ba ne, ya isa ya sa mutane su daina biya.

Ƙungiyar da ke son ta mallaki kadara da sunanta, ko ta kai ƙara kotu, tana iya yin rajista da hukumar CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da kundin ƙa'idoji, da sanarwa a jaridu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi.

Ya kamata kuma ƙungiya ta san abin da ba nauyinta ba ne. A unguwanni da dama a Nijeriya, jama'a kan yi karo-karo idan taransifoma ta lalace, alhali hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sha nanata cewa gyara ko sauya taransifoma da turaku aikin kamfanin rarraba wuta ne. Jihar Kebbi na ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric.

Asusun ko-ta-kwana

A Amurka akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 350,000, kuma fiye da mutum miliyan 70 ke zaune a ƙarƙashinsu. A can, duk wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa ya zama ɗan ƙungiya ko yana so ko ba ya so, kuma a jihohi da dama ana iya kai wa ga sayar da gidan wanda ya ƙi biya.

Duk da wannan ƙarfi, jinkirin gyara ya taɓa zuwa da babbar asara. A ranar 24 ga Yunin 2021 wani bene mai hawa 12 ya rufta a garin Surfside na jihar Florida, mutum 98 suka mutu. Tun a 2018 wani injiniya ya yi gargaɗin cewa ginin ya sami mummunar illa, amma aka yi ta jan ƙafa a kan kuɗin gyara, wanda ya kai kimanin dala miliyan 15. A 2022 jihar ta yi dokar da ta wajabta binciken tsofaffin benaye da ajiye kuɗin gyara.

A tsofaffin unguwannin Nijeriya ƙungiya ba ta da irin wannan iko, domin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ko ƙin shiga ƙungiya. Jarinta kawai shi ne yarda da kunyar juna. Amma darasin ajiye wani kaso na kuɗin da aka tara domin ranar buƙata ya shafi kowa.

A gaɓar Kainji wannan rana kan zo da ruwa. Kogin na kawo ruwa sau biyu a shekara: na damina, da kuma wanda ke gangarowa daga tsaunukan ƙasar Gini ya iso da sanyin hunturu. Ruwan tafkin kan hau ya sauka da mitoci da dama, kuma filin da ya bushe da rani yakan yaudari mai neman fuloti. Ambaliyar 2020, wadda ta lalata gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa da gidaje a jihar Kebbi, ta nuna abin da hakan ke jawowa.

Don haka aikin da ya fi muhimmanci ga ƙungiyar unguwa a wannan yanki shi ne wanda ake yi kafin saukar ruwan farko: yashe magudanai, da hana zuba shara a cikinsu, da kai rahoton duk wanda ya fara aza tubali a kan hanyar ruwa ga mai unguwa da ƙaramar hukuma tun ginin bai tashi ba.