Wasa 55: Lissafin 'Yan Wasan All Blacks da Mutumin da Ba Ya Wasa Ran Lahadi

Yawancin masu karanta wannan shafi ƙwallon ƙafa suka sani, saboda haka bari mu fara da ɗan bayani. Zari-ruga wasa ne na mutum 15 a kowane gefe, ana yinsa minti 80 da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ɗan wasa yakan rungumi ƙwallon ya ruga da shi, abokan hamayya kuwa suna da izini su cafke shi su kayar. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Wanda ya ratsa ya dangwala ƙwallon a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya ci abin da za mu kira dangwale, wato maki 5, ko da yake kafin 1992 maki 4 ne. Bugun ƙwallo ta tsakanin dogayen sanduna biyu yana kawo maki 2 ko 3.

A wannan wasa babu ƙasar da ta yi suna kamar Niyu Zilan, wadda ake kiran 'yan wasanta All Blacks saboda baƙaƙen rigunansu. Sun yi wasansu na farko na ƙasa da ƙasa a 1903 a birnin Sidni, inda suka ci Ostareliya 22 da 3. Tun daga ran nan ake rubuta kome: wa ya shiga, sau nawa, maki nawa ya kawo.

Sam Whitelock ya sa baƙar riga sau 153 tsakanin 2010 da 2023, sa'ad da ya ajiye kuwa babu ɗan ƙasar da ya taɓa kai haka. Wanda ya gada a wannan matsayi shi ne Richie McCaw, mai wasa 148, a 110 daga ciki shi ne kyaftin. McCaw ne ya ɗaga Kofin Duniya sau biyu a jere, 2011 da 2015, na farkon ma da karyayyen ƙashi a ƙafa ya gama gasar. Dan Carter ya tara maki 1,598 a wasa 112, abin da babu wani ɗan wasa na kowace ƙasa da ya kai. Doug Howlett ya yi dangwale 49 a wasa 62 daga 2000 zuwa 2007. Akwai kuma rana guda, 4 ga Yuni 1995, da aka lallasa Japan 145 da 17 a Afirka ta Kudu: Simon Culhane shi kaɗai ya kawo maki 45, Marc Ellis ya yi dangwale 6. Jonah Lomu, ƙaton nan da ya shiga ƙungiyar yana da shekara 19 da kwana 45 a 1994, ya yi dangwale 15 a gasar Kofin Duniya guda biyu kacal.

To, in mutum ya bi jerin masu yawan wasa ya yi ta gangarawa ƙasa, can zai tarar da sunan Michael Jones, wasa 55, dangwale 13, daga 1987 zuwa 1998. Wanda lissafi kaɗai ya duba zai wuce shi bai ko waiwaya ba. Amma a tambayi dattawan ƙasar da suka gan shi da ido, da yawa za su sa shi cikin gwanayen da aka taɓa yi a riga mai lamba 7, wato rigar da McCaw ya sa daga baya. Aikin mai wannan riga shi ne ya kasance duk inda ƙwallo ya faɗi kafin kowa, ya ƙwace, ya kayar da mai gudu, ya tashi ya sake bi.

An haifi Jones a Okland a 1965, mahaifiyarsa 'yar tsibirin Samowa ce, mahaifinsa kuwa ya rasu tun yana ƙaramin yaro. A gidan masu bi ya tashi, tun kafin a san shi kuwa ya riga ya yanke wa kansa cewa ranar Lahadi ta sujada ce da iyali, ba zai yi wasa a cikinta ba. Ya yi wa Samowa wasa ɗaya a 1986 kafin Niyu Zilan ta kira shi.

Wasansa na farko da baƙar riga shi ne wasan buɗe gasar Kofin Duniya ta farko a tarihi, ran 22 ga Mayu 1987, da Italiya. Shi ne ɗan wasa na farko da ya dangwala ƙwallo da hannunsa a tarihin gasar, aka tashi 70 da 6. Da aka kai wasan kusa da na ƙarshe da Wels, sai ranar ta faɗo Lahadi. Yaro ɗan shekara 22 da bai daɗe da samun riga ba, wanda kowa ya san in wani ya shiga wurinsa ya yi kyau ba lalle ya sake ganin rigar ba, ya ce ba zai shiga ba. Abokansa suka ci 49 da 6. Wasan ƙarshe ya faɗo Asabar, aka mayar da shi, ya yi dangwale, aka ci Faransa 29 da 9.

A wannan karo abin bai ci masa kome ba. Mun san mai alkawari yakan ji daɗi in farashin ya zo da sauƙi, amma ba kullum yake zuwa haka ba.

A 1989 ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasa da Ajantina, har wasu suka ɗauka shi da wasa sun rabu ke nan. Ya warke ya komo. A gasar 1991 shi ne kuma ya yi dangwalen farko, a wasan buɗewa da Ingila a Landan. Amma wasanni uku na ƙungiyarsa a gasar duk Lahadi suka faɗo: da Italiya, da Kanada, sa'an nan wasan kusa da na ƙarshe da Ostareliya a Dablin ran 27 ga Oktoba. Jones bai shiga ko ɗaya ba. Ostareliya ta ci 16 da 6, ta wuce ta ɗauki kofin da Niyu Zilan ke riƙe da shi. Ba wanda zai iya tabbatarwa cewa da ya shiga sakamakon zai sāke, domin David Campese na Ostareliya ya yi abin mamaki ran nan. Duk da haka sai mu tuna mutumin yana da ƙoshin lafiya, yana kuma gari ɗaya da abokansa sa'ad da ake cinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan wata gaskiya har wasu suka yi hasara tare da shi ya san irin nauyin nan, domin ya fi na hasarar mutum shi kaɗai.

A 1995 kuwa ba a ma tafi da shi ba. Mai horar da ƙungiyar, Laurie Mains, ya duba jadawali ya ga wasan kusa da na kusa da ƙarshe da na kusa da ƙarshe duk Lahadi ne, sai ya bar shi a gida. A ganinmu ba a zalunce shi ba: mutum ba zai ɗauki ma'aikacin da ya riga ya gaya masa ba zai zo ranar girbi ba. Jones ya san dokarsa, ya kuma san abin da za ta jawo. Mai karatu ya koma ya dubi ranar da Culhane da Ellis suka kafa nasu tarihi kan Japan, Lahadi ce. Ran 18 ga Yuni da Lomu ya tattake Ingila da dangwale 4, aka tashi 45 da 29, ita ma Lahadi ce.

Ba muna cewa waɗanda suka yi wasa ran Lahadi sun rasa bangaskiya ba. Masu bi na kirki sun bambanta kan yadda za a kiyaye ranar Ubangiji, a cikin ikkilisiyoyinmu ma akwai ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da direbobi da aiki ke riƙe su ran nan, babu kuwa mai hankalin da zai tuhume su. Abin da ya ja hankalinmu shi ne Jones ya faɗi matsayinsa tun farko, bai kuma sāke shi ba da farashin ya hau. Ba shi ne na farko ba. Eric Liddell, wanda ya ƙi tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1924 a Faris saboda zagayen farko ya faɗo Lahadi, ya kuma ci zinariya a mita 400, shi ma ɗan zari-ruga ne, ya yi wa Sikotilan wasa 7 kafin ya tafi aikin bishara ƙasar Sin, inda ya rasu a sansanin tsarewa a 1945.

Wani abin lura game da lambar nan 55: ita ce daidai lambar Colin Meads, manomin nan na garin Te Kuiti wanda a 1999 aka zaɓa gwanin ƙarni na ƙasar. Meads ya yi shekara 15 kafin ya tara tasa, daga 1957 zuwa 1971, domin a zamaninsa 'yan kaɗan ne wasannin ƙasa da ƙasa a shekara, ba kuma a biyan albashi. Sai a 1995 aka mai da wasan sana'a, ga kuɗin talabijin, wasanni suka yawaita har ƙungiyar takan yi 13 ko 14 a shekara guda. Saboda haka 153 na Whitelock da 55 na Meads ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba, balle na Jones da rauni da Lahadi suka rage.

Bayan gwiwar ta rage masa gudu, Jones ya koma riga mai lamba 6, da ita kuma ya kasance cikin tawagar 1996, wadda ita ce ta fara cin jerin wasanni a kan Afirka ta Kudu a ƙasarta. Ya yi wasansa na ƙarshe a 1998, ya horar da ƙungiyar Samowa daga 2004 zuwa 2007. A 2017 aka ba shi lambar girma ta Sa, saboda hidimarsa ga matasa da al'ummar tsibiran Fasifik mazauna Niyu Zilan.