Kwana 14: Haƙƙin Mai Sayen Waya Ta Intanet A Birtaniya

A Najeriya ko Nijar, hulɗar mutum da kamfanin waya ba ta da wani nauyi. Ka sayi layi, ka sa kati, in ya ƙare ka sake sawa, in kamfanin ya ɓata maka rai ka zare layin ka jefa cikin akwati. Wannan sabon ne yake jefa ɗalibanmu da ma'aikatan jinya da ke sauka a Birtaniya cikin rigima. A can yawancin mutane kwantiragi suke shiga. Kamfani ya ba ka waya sabuwa fil tare da layi, kai kuma ka yarda a riƙa cire kuɗi daga asusunka na banki duk wata, galibi har wata 24. Baƙo yana zaune a ɗakinsa da daddare, ya ga waya mai kyau a shafin kamfani an rubuta fam 40 a wata, ya ce ai wannan arha ce, ya danna. Sai da gari ya waye ya buga lissafi ya ga fam 960 ya ɗaura wa kansa. Bashi ne ya ci, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

To, akwai ƙofar fita, sai dai ba ta daɗewa a buɗe. Dokar da ake kira Consumer Contracts Regulations, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2014, ta ba duk wanda ya yi ciniki ta intanet ko ta wayar tarho kwana 14 ya sake tunani. A cikin kwanakin nan yana iya cewa ya fasa, kuma ba dole ba ne ya kawo dalili. Hikimar a fili take: wanda ya sayi kaya bai gani ba, bai taɓa ba, ya cancanci a ba shi damar dubawa. Shi ya sa wanda ya shiga kanti da ƙafarsa ya sa hannu ba shi da wannan haƙƙin a doka. In kanti ya karɓi kayansa don ya canja ra'ayi, alfarma aka yi masa, ko kuma ƙa'idar kamfanin ce.

Wurin ƙidaya kwanakin ne mutane suke yin tuntuɓe. In akwai waya a cinikin, ana fara ƙidaya ne daga washegarin ranar da ta iso hannunka. In aikin layi ne kawai ka saya, babu kaya, to daga washegarin ranar da aka ƙulla yarjejeniya. Asabar da Lahadi duk suna ciki. Ni dai shawarata ga mai layi zalla, ya ƙirga daga ranar da ya danna amincewa, ya huta da gardama. In kuwa kamfani bai sanar da kai cewa kana da haƙƙin fasawa ba, doka ta tsawaita maka wa'adin har zuwa wata 12.

Kada ka tsaya ga kiran waya kawai. Rubuta musu imel ko wasiƙa, ka faɗi a sarari cewa ka fasa, ka sa lambar cinikin da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Daga ranar da ka sanar, kana da wasu kwana 14 na mayar da wayar. Kafin ka rufe kwali, cire asusunka na Google ko na Apple, ka kashe makullin gano waya in ta ɓace, ka goge komai. Wayar da ta koma a kulle da asusun mutum, kamfani ba ya iya sake sayar da ita, kuma nan ne ja-in-ja take farawa. Ɗauki hotonta gaba da baya, da lambar IMEI da ke jikin kwalin, ka aika ta hanyar da ake bin sawun kaya, ka riƙe rasidin gidan waya kamar takardar fili. Kuɗin aikawar yawanci a kanka yake, sai in kamfanin ya ɗauki nauyi ko bai faɗa maka tun farko cewa kai za ka biya ba. Su kuma dole su mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14 da karɓar kayan, har da kuɗin kawowa na yau da kullum da ka biya.

Amma fa kada a ɗauka aron waya aka ba ka na mako biyu. Doka ta yarda ka buɗe, ka duba, ka gwada kamar yadda za ka yi a kanti. In ka wuce haka, ka yi ta yawo da ita har gilashin ya karce, kamfani yana da ikon rage kuɗin da darajarta ta faɗi. Kiran da ka yi da datar da ka sha bayan ka nemi a kunna maka layi, su ma za ka biya gwargwadon abin da ka ci. Wanda ya yi gaggawar ba wani matafiyi wayar ya kai wa ƙanensa a Kano kuwa, sai ya rungumi kwantiraginsa, don babu abin da zai mayar.

Duk wannan zancen mai canja ra'ayi ne. Waya mai aibi hukuncinta daban, ƙarƙashin dokar Consumer Rights Act ta 2015, kuma ya shafi har wanda ya saya a kanti. In aibin ya bayyana cikin kwana 30, kana iya ƙin wayar ka karɓi kuɗinka cif. Bayan haka sai gyara ko canji, kuma a wata 6 na farko mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa lafiya lau ya ba ka ita. Idan wani ma'aikaci ya ce ka je ka nemi kamfanin da ya ƙera wayar, gaya masa cikin ladabi cewa da wanda ya sayar maka kuka yi ciniki.

Da zarar kwana 14 sun shige, fita tana da tsada, domin kuɗin karya yarjejeniya yakan kusan kai jimillar kuɗin watannin da suka rage. Aika kalmar INFO zuwa 85075 kyauta, za a turo maka adadin. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne mutum ya fusata ya hana banki biya. Kwantiragin yana nan da ransa, bashin ya taru, a miƙa shi ga masu karɓar bashi, sunansa ya ɓaci a rajistar masu cin bashi har shekara 6, ya zo neman wani rancen ko gidan haya ya sha wuya. In kamfani ya take maka haƙƙi, shigar da koke a rubuce. In abin ya ƙi, hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta wajabta wa kowane kamfanin waya kasancewa ƙarƙashin ɗaya daga cikin masu sasanci biyu, Communications Ombudsman ko CISAS, kuma kai ƙara wurinsu ba a biyan ko kwabo.

Ɗan'uwa, ranar da aka miƙo maka kwalin nan a bakin ƙofa, kafin ka yage ledar, ɗauki biro ka rubuta kwanan watan a jikinsa.