Silƙu, Ganyen Lambun Gida

Masu karatun hadisi sun san labarin da Sahlu ɗan Sa'adu ya bayar a cikin Sahihul Buhari, na wata tsohuwa a Madina wadda takan ciro silƙu ta dafa shi da ɗan garin sha'ir, Sahabbai su biya ta wajenta bayan sallar Juma'a su ci suna murna; amma kaɗan ne daga cikinmu suka lura cewa wannan ganye, wanda mutanen Sudan ke miya da shi har yau, zai iya tsirowa a bayan ɗakinmu. Asalinsa gaɓar Bahar Rum, danginsa ɗaya da gwozar da Turawa ke tatsar sukari daga gare ta, sai dai shi albarkarsa a ganye take, mai faɗi da kauri, da kara fari ko ja.

Ba ya son zafin bazara, saboda haka lokacinsa a ƙasarmu shi ne shigowar hunturu, sa'ad da masu lambu ke gyaran fangali. A kafce ƙasa sosai, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a binne iri misalin zurfin gaɓar yatsa, kana a riƙa ban ruwa safe da yamma. A wajen irin ne mas'alar take. Abin da mutum ke gani kamar ƙwaya guda, mai kaushi kamar tsakuwa, haƙiƙa dunƙulen ƙwayoyi ne, ta yadda tsiro biyu ko uku ko fiye za su fito a rami ɗaya suna cunkushe juna. Wanda kuwa tausayi ya hana shi cire raunana ya bar ƙaƙƙarfa guda, da tazarar taƙi ɗaya ko fiye tsakaninsa da maƙwabcinsa, lalle ƙananan ganye marasa auki zai girba.

Bayan kwana 50 zuwa 60 sai a fara tsinka, kuma a ganina nan ne ya fi alayyafo fa'ida ga uwargida: ba a tumɓuke shi, ana yanke manyan ganyen waje ne a bar zuciyar, ita kuwa ta ci gaba da fitar da sababbi wata da watanni. Yana kuma jure ƙasa mai gishiri fiye da yawancin kayan lambu. Aibinsa shi ne ba ya yin fure sai ya sha sanyi mai tsanani ya shiga shekara ta biyu, don haka a ƙasar zafi sai an sayi sabon iri.

Likitoci suna yabonsa saboda bitamin A da K, amma suna gargaɗin mai ciwon tsakuwar ƙoda da ya taƙaita cinsa. Duk mai rijiya a gida da ɗan fili, ya nemi irin tun kafin sanyi ya sauka.