Abin Da Ke Kai Ɗaliban Azhar Gidan Limaman Katolika

A unguwar Abbasiyya ta birnin Alƙahira, a kan wani titi da ake kira Masna'ut Tarabish, watau titin ma'aikatar hular dara, akwai wani gida mai lambu wanda waɗansu limaman ɗarikar Katolika ke zaune a ciki. Limaman nan 'yan ƙungiyar Dominikan ne, kuma ba su da yawa. Amma duk wanda ya leƙa ɗakin karatun gidan a ranar aiki, zai tarar mafi yawan waɗanda suka duƙufa a kan littattafai Musulmi ne, maza da mata, da dama daga cikinsu ɗalibai ne ko malamai na Jami'ar Azhar, wadda tsakaninta da gidan tafiyar ƙafa ce. A nan suke rubuta kundin digirinsu a kan tafsiri, ko fiƙihu, ko ilmin tauhidi, sa'an nan in an shirya lacca su zauna a tattauna da su.

Mai karatu zai so ya san abin da ke kai mutumin da ke da addininsa, bai kuwa da niyyar barinsa, zauren waɗansu masu wani addini dabam. Tambayar ba ta Masar kaɗai ba ce, domin a ƙasashe da dama akan ga Musulmi, da Yahudawa, da Kiristan da ba Katolika ba, suna halartar wuraren tattaunawa na Katolika. Sai dai gidan Abbasiyya ya fi sauran sauƙin fahimta, saboda an san tarihinsa filla-filla.

An gina gidan ne a farkon shekarun 1930, da nufin ya zama reshen wata makarantar nazarin Baibul ta 'yan Dominikan da ke Birnin Ƙudus. Cikin shekarar 1938 sai Fadar Paparoma ta nemi ƙungiyar ta ware waɗansu limamanta su yi karatun Musulunci mai zurfi, daga littattafansa na asali, ba don jayayya ba, ba kuma don neman mabiya ba. Yaƙin duniya na biyu ya kawo jinkiri. Tsakanin 1944 da 1946 mutum uku suka iso Alƙahira, cikin 1953 kuma aka kafa cibiyar da ake kira IDEO, watau cibiyar 'yan Dominikan ta nazarin ilmin Gabas.

Jagoran su ukun, Fada Georges Anawati, ɗan ƙasar Masar ne. An haife shi a Iskandariyya cikin 1905, kuma aikin haɗa magunguna ya koya kafin ya shiga limanci. Shi kansa ba a cikin Katolika aka haife shi ba, iyayensa 'yan cocin Otodoks ne. Abin da ya sa malaman Masar suka sakar masa jiki shi ne aikin da ya yi musu a kan Ibn Sina. Sa'ad da ake shirin bikin cikar shekara dubu da haihuwar wannan babban masani, Anawati ya tafi Istambul ya bi ɗakunan ajiye littattafai ɗaya bayan ɗaya yana ƙididdige rubuce-rubucen hannu, cikin 1950 ya fitar da littafi da Larabci mai jera ayyukan Ibn Sina da inda kowane kofi yake. Daga nan ya shiga cikin malaman da Dokta Ibrahim Madkur ya jagoranta wajen tace littafin Asshifa da buga shi. Na biyunsu, Jacques Jomier, ya yi nazarin Tafsirul Manar na Muhammad Abduh da Rashid Rida, kuma yana cikin na farkon da suka gabatar da labaran Najib Mahfuz ga masu karatun Faransanci, tun 1957, shekara 31 kafin a ba marubucin kyautar Nobel. Na ukun, Serge de Beaurecueil, ya ƙare rayuwarsa ta karatu a kan Shehu Abdullahi Ansari na Herat, har son shehin nan ya kai shi Kabul, inda ya zauna daga 1963 zuwa 1983.

To, ga dalili na farko, wanda kuma ya fi kowane nauyi, ko da yake masu jawabi a wuraren taro ba su cika ambatonsa ba: mutane suna zuwa ne domin akwai abin da suke bukata a wurin. Littattafan ɗakin karatun nan sun haura dubu 100 nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu a kan ilmin Musulunci ne na ƙarnonin farko da na tsakiya. Ba yawan ne kaɗai abin lura ba, tsarin ne. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san littafin malaman da ba ya tafiya shi kaɗai: akwai matani, akwai sharhi a kansa, akwai hashiya a kan sharhin, akwai kuma wanda ya taƙaita ko ya mai da shi waƙa. Alal misali Mukhtasar na Khalil yana da sharhin Dardir, sharhin Dardir kuma yana da hashiyar Dasuƙi. Limaman Abbasiyya sun tsara kundin littattafansu a kwamfuta, wanda suka raɗa wa suna AlKindi, ta yadda zai nuna irin wannan dangantaka tsakanin littafi da littafi. Ɗalibin da wa'adin miƙa kundinsa ya matso, ba ruwansa da rigar wanda ya miƙo masa littafi, muddin bugun da yake nema ne.

Amma fa littafi kaɗai ba zai sa mutum ya dawo gobe ba, in da ya ji ana farautar imaninsa. Wannan tsoro kuwa yana da tushe. Sunan ƙungiyar Dominikan na ainihi shi ne Ƙungiyar Masu Wa'azi, an kuma tabbatar da ita tun 1216. A ƙarni na 13 'ya'yanta sun koyi Larabci ne musamman don su yi jayayya da Musulmi, ɗaya daga cikinsu ma, Riccoldo, ya je har Bagadaza, ya komo ya rubuta littafin sukar Alƙur'ani wanda Turawa suka daɗe suna dogara da shi. Gaskiya ne babban malaminsu Toma Akwinas, wanda ya mutu a 1274, ya ɗebi ilmi mai yawa daga Ibn Sina da Ibn Rushd, amma ya ɗiba ne don ya gina nasa gini. In aka haɗa wannan da zamanin mulkin mallaka, lokacin da mishan da jami'in gwamnatin Turawa kan shigo ƙasa kusan tare, ba za a ga laifin malamin Azhar da ya ɗauki kowane Bature mai karanta Larabci a matsayin ɗan leƙen asiri ba. Har yau akwai masu wannan ra'ayi a Masar, suna cewa nazarin Gabas wa'azi ne da ya sake tufafi.

Abin da ya rage ƙarfin zargin nan abu biyu ne. Na ɗaya shi ne tsawon lokaci: shekara 70 da 'yan kai ana shiga gidan ana fita, waɗanda suka yi karatu a can sun zama malamai, su kuma suna aiko da nasu ɗalibai. Na biyu shi ne canjin da cocin Katolika kanta ta yi a rubuce. A ranar 28 ga Oktoba, 1965, babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Fadar Paparoma ya zartar da wata takarda mai suna Nostra Aetate, da ƙuri'a 2,221, masu ƙi 88. A cikinta coci ta bayyana cewa tana girmama Musulmi, ta ambaci bautarsu ga Allah ɗaya, da salla, da zakka, da azumi, ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce. Anawati yana cikin masanan da suka yi aiki a bayan fage don a sami wannan sashe. Kafin nan, cikin 1964, an riga an buɗe ofishi na musamman don hulɗa da sauran addinai, wanda ɗan Nijeriya, Kadinal Francis Arinze, ya shugabanta daga 1984 zuwa 2002.

A nan ne Katolika ta sha bamban da waɗansu ɗarikun. Tana da shugaba ɗaya da takardun da ke hawa kan kowa, saboda haka baƙo yana iya sanin matsayin mai masaukinsa tun kafin ya cire takalmi, in kuma aka saɓa yana da abin da zai nuna. Kada dai a ɗauka coci ta bar da'awarta ta cewa ita ke kan gaskiya. Cikin shekarar 2000 ta sake nanata wannan a wata takarda da ta ɓata wa abokan tattaunawarta da yawa rai. A ganina wannan bai rage kome ba, don malamin da ya san abin da ya yi imani da shi ya fi son zama da wanda shi ma ya san nasa, a kan wanda zai ce masa duk ɗaya ne don a rabu lafiya.

Zumuncin shugabanni kuwa yakan yi sanyi ya yi zafi. Jawabin da Paparoma Benedict ya yi a Regensburg ta Jamus cikin Satumba, 2006, ya tayar da ƙura a ƙasashen Musulmi. A watan Janairu, 2011, Azhar ta dakatar da tattaunawa da Fadar Paparoma, bayan maganar da ya yi game da kare Kiristan Masar sa'ad da aka kai hari wata coci a Iskandariyya. Ba a dawo ba sai 2016, da Shehun Azhar Ahmad Tayyib ya ziyarci Paparoma Francis, su biyun kuma suka sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi ran 4 ga Fabrairu, 2019. A shekarun nan biyar na yankewa ɗalibai ba su fasa zuwa Abbasiyya ba.

Akwai wani dalili kuma wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne rashin ƙarfin mai gida. Mafi yawan Kiristan Masar Kibɗawa ne 'yan Otodoks, masu nasu shugaba, 'yan Katolika kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Gidan da ba shi da jama'a, ba shi da ƙuri'a, ba ya neman kujera, ba mai jin tsoron shigarsa. Haka abin yake a Aljeriya, a wani ƙauye mai suna Tibhirine da ke kan duwatsu kusa da garin Medeya, inda waɗansu ruhubanawa Faransawa, watau masu keɓe kansu don ibada, suka zauna suna noma tare da maƙwabtansu, ɗayansu kuma likita ne mai duba marasa lafiya. Cikin 1979 aka kafa wani zama a can mai suna Ribatus Salam, ba da daɗewa ba kuma waɗansu sufaye 'yan ɗarikar Alawiyya suka fara halarta. Sufayen nan su suka kafa sharaɗi: ba su zo muhawarar aƙida ba, domin ita raba mutane take yi, sun zo ne a zauna a ambaci Allah, kowa bisa tafarkinsa. Bukatarsu dabam take da ta ɗalibin Azhar, amma su ma ba su zo don su sake addini ba.

Zaman bai ƙare da daɗi ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, ruhubanawan suka ƙi barin maƙwabtansu. A daren 26 ga Maris, 1996, aka sace bakwai daga cikinsu, a watan Mayu aka ba da sanarwar kashe su, ƙungiyar 'yan bindiga ta GIA ta ce ita ta aikata. A daren da aka sace su akwai baƙin da suka zo zaman Ribat suna kwance a wani sashe na gidan.

Shekara guda kafin wannan, a watan Janairu, 1995, shugabannin jam'iyyun adawa na Aljeriya, har da wakilan jam'iyyar Musulunci ta FIS da gwamnati ta haramta, sun rasa inda za su haɗu a ƙasarsu, sai suka tafi Birnin Rum, wurin wata ƙungiyar 'yan Katolika da ba limamai ba, mai suna Sant'Egidio. Ita ce ta shiga tsakani har aka sa hannu a sulhun Mozambik cikin 1992. Sun amince da ita ne don ba ta da soja, ba ta kuma da wata riba a man fetur ɗin ƙasarsu. Gwamnatin Aljeriya ta yi watsi da yarjejeniyar da suka cimma, ta ce katsalandan ne.

Mu a nan ƙasar ba baƙi ba ne ga 'yan Dominikan, domin su ne suka fara riƙe majami'ar Katolika ta Sakkwato, bishop ɗinta na farko ma, Edward Lawton, ɗan ƙungiyar ne daga Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Fada Joseph Kenny, wanda ya mutu a 2013, ya bi sawun mutanen Abbasiyya. Ya yi digirinsa na dokta a Jami'ar Edinbara a kan Shehu Muhammad Sanusi na Tilimsan, mai littafin Ummul Barahin da malaman tauhidi na ƙasar Hausa suka sani sarai, sa'an nan ya shekara fiye da 20 yana koyarwa a Jami'ar Ibadan, inda ɗalibai Musulmi da Kirista suka zauna a ajinsa. Ya fassara Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani zuwa Ingilishi, littafin nan na fiƙihun Malikiyya da almajiri kan shiga bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Wadda ta buga fassarar cikin 1992 ita ce ƙungiyar Islamic Education Trust da ke Minna, wadda Shehu Ahmad Lemu yana cikin waɗanda suka kafa ta.