Silvio Santos: Ɗan Tallar da Ya Mallaki Gidan Talbijin

Wajen shekarar 1945, a titunan birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil, akwai wani yaro ɗan shekara 14 mai tallar biro da 'yar ledar adana katin zaɓe. Sunansa Senor Abravanel, ɗan wasu Yahudawa baƙi, uban daga Salonika ta Girka, uwar daga Izmir ta Turkiyya. Ba shi da lasisi, don haka kullum idonsa na kan jami'an da ke korar 'yan talla. Kafin ya buɗe jakarsa sai ya fara da dabo da kwabbai da kati har jama'a su kewaye shi, sannan ya shiga ciniki.

Ran nan dubunsa ta cika. Amma jami'in da ya kama shi ya riga ya tsaya ya saurari muryarsa, sai ya fasa hukunta shi, ya tura shi gwajin masu gabatar da shiri a gidan rediyon Guanabara. Yaro ya zo na ɗaya. Bai daɗe ba ya ajiye aikin ya koma titi, saboda cinikin talla ya fi albashin rediyo kauri. Wannan lissafi shi ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan ya yi aikin soja a rundunar 'yan lema, sai ya kafa lasifika a jirgin fiton da ke kai kawo tsakanin Rio da Niteroi, yana saka kiɗa, yana karanta tallace-tallace. Daga nan ya koma Sao Paulo, duniya ta san shi da suna Silvio Santos. A 1958 ya karɓi wani kamfani da ya durƙushe, Baú da Felicidade, daga hannun abokinsa Manoel de Nóbrega. Tsarin ya yi kama da adashi: talaka ya riƙa zuba kuɗi wata-wata, ƙarshe ya karɓi kaya, a tsakani kuma a yi ƙuri'a, mai rabo ya samu babbar kyauta. Don ya tallata wannan kamfani ne ya sayi fili a talbijin. A 1963 aka fara shirinsa na ranar Lahadi, Programa Silvio Santos, wanda a wasu shekaru yakan kai wajen awa goma.

Abin kallo ne. Makirfo maƙale a ƙirji, dariya har kunne, zaure cike da mata waɗanda yake kira abokan aikinsa. Kacici-kacici, gasar waƙa, wasannin sa'a. Sai ya zaro takardun kuɗi, ya naɗe su kamar jirgin sama, ya ɗaga murya ya ce, "Wa ke son kuɗi?" ya cilla cikin taro. Masu ilimi sun raina shirin, wai ba shi da aji. Ni a ganina sun yi kuskure: mutumin ya san darajar talaka a matsayin mai saye da mai kallo tun kafin manyan gidajen talbijin su waiwaye shi. A 1976 ya buɗe tasharsa a Rio, ranar 19 ga Agusta 1981 kuma aka haifi tasharsa ta SBT, wadda ta daɗe tana biye wa tashar Globo a yawan masu kallo.

Ba a rasa abin zarginsa ba. Ya yi ɗasawa da gwamnatin soja wadda ta ba shi lasisi, kuma wasu barkwancinsa kan mata da baƙar fata sun ɓata wa mutane rai, da gaskiyarsu. A 1989 ya tsaya takarar shugaban ƙasa ana saura makonni zaɓe, kotun zaɓe ta soke takarar.

Agustan 2001 ya zo masa da jarrabawa. Aka sace 'yarsa Patrícia, ta yi mako guda a hannun 'yan bindiga. Kwana biyu da sakinta, jagoran ɓarayin, yana gudun 'yan sanda, ya haura gidan Silvio ya ritsa shi da bindiga. Ƙasa duka ta zuba ido a talbijin wajen awa bakwai. Dattijo ɗan shekara 70 ya zauna yana lallashin matashin, ya kuma nemi gwamnan jihar Sao Paulo, Geraldo Alckmin, ya zo da kansa don kada a harbe yaron. Gwamna ya zo, ɗan bindigar ya miƙa wuya.

A 2010 aka gano giɓin biliyoyin kuɗi a bankinsa, PanAmericano. Ya jingina kamfanoninsa har da SBT don a cike ramin, ya sayar da bankin a 2011, shirinsa na Lahadi bai tsaya ba.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta 2024 yana da shekara 93. Shugaban ƙasa Lula ya ayyana makokin kwana uku. Iyalinsa sun binne shi bisa al'adar Yahudawa ba tare da taron jama'a ba, kamar yadda ya yi wasiyya, Patrícia kuma ita ke gabatar da shirin yanzu.