Yaronka Ya Ci Bashi Da Sunanka: Wa Zai Biya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga yankin Gumel ta Jihar Jigawa, ya rubuto yana cewa: "Malam, shekara shida ina aiken wani yarona kasuwar Dawanau a Kano yana sayo mini hatsi, wani lokaci kuɗi hannu, wani lokaci ya ɗauko bashi in biya bayan mako biyu. Da kakar bana muka ɓata, na sallame shi. Ashe bayan kwana goma ya koma wurin mutanen da muka saba da su, ya ɗauki buhu 15 na masara da sunana, ya yi layar zana. Yanzu sun taso ni gaba wai in biya. Ni ban aike shi ba, ko ƙwaya ɗaya ban gani ba. Shin doka za ta ɗora mini?"

AMSA: To, Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Sai dai amsar da zan ba ka ba mai daɗin ji ba ce.

Abin da ke tsakaninka da yaron nan shi ake kira wakilci, wato mutum ya ba wani iznin ya yi ciniki a madadinsa. Ba sai an rubuta takarda ba. Ka ce da dillali "kai mini san nan kasuwa", an ƙulla ke nan. Ka'idar kuwa ita ce, hannun wakili hannun maigidansa ne. Abin da ya saya a cikin iznin da ka ba shi, kai ka saya. Abin da ya sallama, kai ka sallama. Dokar da muka gada daga Ingila haka ta ce, littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Mukhtasar Khalil da Tuhfa, su ma suna da babin wakilci a kan wannan tushe.

Za ka ce ai ka riga ka janye iznin. Gaskiya ne, amma wa ya sani? Nan gizo ke saƙar. Doka ba abin da kuka yi da yaronka a zaure kaɗai take dubawa ba, tana kuma duba abin da ka bari kasuwa ta ɗauka. Shekara shida mutanen Dawanau suna ganin yaron nan yana ɗaukar kaya, kana biya. Da halinka ka shaida musu cewa maganarsa taka ce. Ran da ka sallame shi, ba ka aika musu ba. Saboda haka in har ba su da labari, kuma sun ba shi kayan yadda aka saba, galibi kotu kai za ta kama da bashin, sa'an nan kai ka bi yaron.

Ko cewa don aljihunsa ya yi ba za ta fid da kai ba. A 1912 babbar kotun ƙoli ta Ingila ta yanke wata shari'a da har yau lauyoyi ke kafa hujja da ita. Wata mata da mijinta ya rasu ta je ofishin wasu lauyoyi a Libaful neman shawara kan gidajenta biyu. Akawun da ke tarbar mutane ya yaudare ta, ta sa hannu a takardu, gidajen suka koma sunansa. Mai ofishin bai sani ba, bai ci ko kwabo ba, amma kotu ta ce shi zai biya, tunda shi ya zaunar da akawun a kujerar da jama'a za su amince da shi.

Amma fa kana da ƙofofi. Idan ka kawo shaida cewa masu hatsin sun ji labarin sallamar kafin su ba shi, ka fita. Haka nan idan abin da ya ɗauka ya saɓa wa al'adarku ƙwarai, misali buhu uku ya saba ɗauka, rana ɗaya ya ce 15, alƙali zai iya tambayarsu me ya hana su bincika. Da ma a ce kullum da kuɗi kake aikensa, bai taɓa cin bashi da sunanka ba, to da su suka yi ganganci, ba ruwanka.

Wani abu kuma da ke kama mutane da yawa: wakili ya ƙetare iyaka, kai kuma ka ga riba, ka karɓi kayan. Da zarar ka karɓa kana sane, ka amince da cinikin ke nan, tamkar tun farko kai ka sa shi. Ba a cin naman sa'an nan a ce ba a yarda da yankan ba. Saboda haka in wani ɓangare na masarar nan ya ɓulla, kada ka taɓa shi sai an zauna.

Ku kuma dillalai da yaran kasuwa da ke saurare, amana ce a wuyanku. In kaya suka salwanta a hannun wakili ba tare da sakaci ba, kamar a ce 'yan fashi sun tare mota, ba ya biya. Amma wanda ya sayar da akuya a kan kuɗi kaza, ya zo ya faɗi ƙasa da haka ya soke rarar, wannan rarar ta mai akuya ce. La'adar da aka yi da shi ita kaɗai ce tasa. Na san wasu sun mayar da wannan sana'a, amma a gaban alƙali sai sun amayar.

Shawarata, Alhaji, kada ka jira sammaci. Ka tafi Dawanau da kanka, ka nemi shugabannin 'yan hatsi su zaunar da ku, ka nemi ganin littafin da aka rubuta bashin da ranar da aka ɗauki kayan. In sulhu bai yiwu ba, ka ga lauya ko malamin da ya san shari'a kafin ka sa hannu a kowace takarda. Kuma tun kafin ka bar kasuwar, ka bi rumfa-rumfa duk inda yaron nan ya taɓa ɗaukar maka kaya, ka faɗa a gaban shaidu biyu cewa ba ya tare da kai, don mai yiwuwa ba wuri ɗaya ya tsaya ba.